Ruwan Da Baba Ya Ba Mu Labari

Muna yara a Tudun Wada ta Kaduna, idan hunturu ya kankama, Inna kan tashi tun kafin kiran assalatu ta hura wuta ta ɗora mana ruwan wanka. Mu kuwa muna tsugune gindin murhu muna makyarkyata. A irin wannan lokacin ne Baba, Allah ya jiƙansa, yakan dawo daga masallaci ya tsaya a kanmu ya ce, "Akwai wani gari a Kurmi da ba a ɗora ruwa. Daga gindin dutse yake fitowa da ɗuminsa, ga na sanyi a gefensa, suna tafiya tare." Ya daɗe yana fataucin goro kafin ƙafa ta zaunar da shi, kuma labaran hanya ba sa ƙare masa. Wannan dai mun sa shi cikin labaran fatake, waɗanda ake ji a yi murmushi. Ko sunan garin bai riƙe daidai ba, Kogosi yake cewa.

Bara aka tura autanmu bautar ƙasa jihar Ekiti, yana koyarwa a wata makarantar sakandare kusa da Aramoko. Wata uku da zuwansa ya kira ni da dare, muryarsa har rawa take yi. "Yaya, garin Baba fa gaskiya ne. Ikogosi sunansa, nan kusa da mu yake. Na sa hannuna a ruwan." Daga ranar na ƙudurta zuwa. Da na gaya wa Inna, ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta shiga ɗaki ta fito da wata ƙaramar jarka ta lita biyar, ta ce idan na isa in ɗebo mata.

Na bar gida ranar Laraba a farkon Janairu, ƙura ta rufe gari har ba ka hango ƙarshen layi. Jirgin ƙasa na shiga a Rigasa, tikitin naira 3,600. Tun da aka buɗe wannan layi a 2016 na sha hawansa, amma har yanzu idan an doshi wajen Rijana sai na ji taragon ya yi tsit, kowa na tuna harin watan Maris na 2022, kowa da addu'ar da yake yi a zuci. Muka wuce lafiya. Na sauka a Kubwa, na kwana wurin wani abokina, da asuba ya kai ni tasha.

Motar Ado-Ekiti ƙaramar bas ce, kuɗinta naira 25,000, ba ta cika ba sai wajen ƙarfe takwas. Gwagwalada, Kwali, Abaji, duk na yi ta gyangyaɗi. Abin da ya wartsakar da ni shi ne gadar Murtala da ke Jamata, bayan an wuce Kotonkarfe. Wanda ya saba da kogin Kaduna a rani, inda duwatsu ke fitowa yara na tsallake su, idan ya ga kogin Kwara sai ya riƙe baki. Ruwa ne shimfiɗe iya ganinka, masunta cikin kwale-kwale kamar ƙudaje a faifai. A Lakwaja aka tsaya cin abinci, na ci soyayyar doya da kifi. Ina ci ina kallon dutsen Patti da ya yi wa garin rumfa, na tuna cewa nan ne Turawa suka kawo sarakunanmu da suka tuɓe, har da Sarkin Kano Alu da Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, kuma a nan ƙasa ta rufe su. Na so in ziyarci kaburburan, amma motar haya ba ta jiran mai ziyara. Na yi musu addu'a daga inda nake zaune.

Daga Lakwaja muka ɗauki hanyar Obajana, muka wuce kamfanin siminti da jerin tireloli, muka hau titin kankare da ya kai mu Kabba. Daga nan ne ƙasa ta fara sauya kama. Ciyawa ta ja baya, itatuwa suka matso bakin titi, kwalta kuma ta fara ramuka. Shingayen bincike suka yawaita, wani daga nan kana hango na gaba. Yawanci direba ne ke miƙa hannu ta taga a ɗaga masa itace. Amma a wani shinge tsakanin Kabba da Omuo, mai binciken ya leƙo ya ƙare mana kallo, ya nuna ni da yatsa ya ce in sauko. Cikin mutum goma sha huɗu ni kaɗai, kuma ni kaɗai ne mai kaftani da hula. Aka zazzage jakata a bakin titi: kaya kala biyu, darduma, kilishin da na riƙo wa auta, da jarkar Inna. Ya ɗaga jarkar yana tambayar me zan yi da ita, ina za ni, wurin wa, me ya sa. Na ba shi katin shaidata, ya juya shi gaba da baya bai ba ni ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san ba kayana ake bincike ba, kamannina ake bincike.

Sai wata dattijuwa da ke zaune kusa da ni tun Abuja, wadda ba mu ce wa juna uffan ba in ban da gaisuwa, ta sauko da kyar tana dafa gwiwa. Ta yi masa magana da Yarbanci, murya sama, hannu na aiki. Ban ji abin da ta ce ba, na dai ga ya miƙo mini katina. Da muka koma mota ta juyo ta ce mini, da Hausa tsantsa, "Yi haƙuri ɗana, tattara kayanka, kada ka sa a ranka." Na ce, "Mama, ashe kina jin Hausa?" Ta yi dariya ta ce shekara ashirin da wani abu ta yi a Kakuri, mijinta ma'aikacin masaƙa ne, 'ya'yanta duk a Kaduna ta haife su. Da masaƙun suka durƙushe suka tattara suka koma gida. Ta tambaye ni Kasuwar Barci, ta tambaye ni ko har yanzu ana sayar da masa a bakin gada, ta ce abin da ta fi kewa shi ne fura da nonon Fulani. Da ta ji inda za ni da dalilin zuwana, sai ta ce, "Ka kyauta wa mahaifinka." Ita ta koya mini gaisuwar mutanen yankin, "Okun o", ta ce tun daga Kabba har cikin Ekiti ko'ina na faɗe ta za a amsa mini da fara'a. A Ikole ta sauka. Na ɓalli kilishi na ba ta, ta karɓa da hannu biyu tana sa albarka.

Mun shiga Ado bayan isha'i, sama da awa goma sha biyu a hanya. Auta na jira a tasha, ya rame kaɗan amma fuskarsa fes. Muka kama ɗaki a wani ƙaramin masauki, naira 12,000, da fanka da bokitin ruwa. Abin mamaki, a daren da Kaduna ake lulluɓa da bargo biyu, ni da zani ɗaya na kwana.

Sallar asuba a masallacin Sabo muka yi, unguwar Hausawa. Da ka shiga sai ka rantse kana Tudun Wada: mai shayi da tukunyarsa, rediyo na Hausa, masu canji, masu ɗinkin hula. Bayan an shafa na gaisa da wani dattijo ɗan goro, farin gemu har ƙirji, na ba shi labarin Baba ko ya san shi. Ya yi ta juya sunan a bakinsa, ya ce gaskiya bai gane shi ba, fatake da yawa sun bi ta nan. Amma ya ja ni rumfarsa ya nuna mini aikin. Mata ne ke kawo goron daga ƙauyuka, an ɓare shi an wanke, shi kuma yana zaune yana tsincewa, marsa gefe guda, ƙanana gefe guda, mai tabo a fitar da shi don kada ya ɓata sauran. Ana jera shi cikin ganye ɗanye, a ɗaure huhu tam, a riƙa buɗewa ana sauya ganyen lokaci lokaci. Ya ce, "Malam, goro jariri ne, ba ya son rana, ba ya son iska, ba ya son mai ƙyuya." Na tuna hannun Baba, yadda yake juya goro a tafinsa kafin ya fasa, yadda yake yayyafa wa algararar da yake naɗe shi ruwa kowace safiya. Duk shekarun nan ina cin goro, ranar ce na fara ganin daga inda wahalarsa take farawa. Ya ba ni farin goro guda uku ya ce in kai wa Inna.

Daga Ado muka shiga motar Aramoko, ta Iyin da Igede, daga can muka hau acaɓa ta Erijiyan zuwa Ikogosi. A wannan hanyar na gane dalilin sunan jihar, domin an ce Ekiti daga kalmar tudu ta samo asali a harshensu. Mu ma muna da duwatsu, ga Kufena a Zariya, ga tsaunukan Kagoro, amma namu a tsirara suke, kana ganin jikin dutsen. Nasu kuwa sanye suke da daji tun daga gindi har ƙololuwa, kore shar ko a tsakiyar rani. Titin na hawa yana gangarawa yana lanƙwasa, ɗan acaɓan kan kashe inji a gangara don ya rage shan mai. Gefe da gefe gonakin koko ne da ayaba da kwakwar manja, an baza 'ya'yan koko a kan leda bakin titi suna shan rana, wani tsami-tsami na tashi daga jikinsu. Auta ya taɓa ni ya nuna mini wata doguwar bishiya mai duhun ganye ya ce, "Yaya, ga bishiyar goro." Na sa aka tsaya. Shekarata arba'in da biyu, da kuɗin goro aka yi mini suna aka sa ni makaranta, ban taɓa ganin uwarsa ba sai ranar. Na dafa jikinta na ɗan jima.

Ikogosi ƙaramin gari ne a cikin kwari, tsaunuka sun kewaye shi. Gidajen da rufin kwano mai tsatsa, coci, 'yar kasuwa, tsofaffi zaune a baranda. Sarkinsu Onikogosi ake ce masa. Na gwada "Okun o" a kan wasu mata masu sayar da ayaba, suka amsa baki ɗaya suna tafa hannu. Wurin ruwan yana bakin gari, an kewaye shi an yi masaukin baƙi da ɗakunan kwana da wurin ninƙaya. Muka biya kuɗin shiga, aka haɗa mu da wani saurayi mai yi wa baƙi jagora.

Wata siririyar gadar katako ake bi, ta ratsa cikin kurmi. Taku kaɗan rana ta ɓace, sai inuwa da kukan tsuntsaye da ƙarar ruwa a ƙarƙashin ƙafa. Itatuwan dogaye ne, sai ka ɗaga kai har hula ta nemi faɗuwa kafin ka ga ƙarshensu. Muka isa inda saurayin ya ce mu cire takalma. Ƙoramu biyu ne ƙanana, ba wani babban ruwa ba, kowace ta gangaro ta hanyarta, suka haɗu a kan duwatsu, zurfin bai wuce idon sawu ba. Ya nuna ɗaya ya ce "omi gbona", ya nuna ɗayar ya ce "omi tutu", wato ruwan zafi da ruwan sanyi. Ya ce in tsaya a tsakiya.

Na naɗe wando na shiga. Ƙafar dama ta ji ɗumi irin na ruwan da ake sirka wa jariri, ƙafar hagu ta ji sanyin ruwan randa. Tsakaninsu bai kai taku ɗaya ba. Na sunkuya na sa hannu biyu, haka. Na matsa gaba kaɗan inda suka gauraya, har nan ma kana jin ɗumin na bi ta gefe ɗaya na ƙafarka, sanyin na bi ta ɗayan, kafin can ƙasa su zama ruwa guda. Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. Muryar Baba nake ji a gindin murhu, da yadda muke sunkuyar da kai muna ƙunshe dariya. Mutumin nan ya tsaya a nan, wataƙila a kan wannan dutsen, da ƙurar hanya a jikinsa, ya koma gida ya faɗa wa 'ya'yansa abin da ya gani, ba mu gaskata shi ba. Auta ya kau da kai, shi ma idonsa ya kaɗa.

Muka hau sama zuwa idon ruwan ɗumin. Daga tsagar dutse yake ɓulɓulowa, garau, kana ganin tsakuwar ƙasa, ba wari, ba kumfa. Ɗuminsa wajen digiri 37 ne, kusan daidai da zafin jikin mutum, ya ɗara na Wikki da ke Yankari, wanda yake digiri 31. Saurayin ya ba mu labarin da suka gada: wai mata biyu ne na miji ɗaya, ɗaya mai zafin rai, ɗaya mai sanyin hali, kishi ya hana su zama lafiya har suka rikiɗa suka zama ruwa, mijin kuma ya zama tsaunin da ya kewaye su. Na saurare shi da girmamawa, labarin kakanninsa ne, kuma duk wanda ya tashi a gidan mata biyu ya san inda aka ɗauko shi. Auta kuwa, da yake ilimin duwatsu ya karanta a Zariya, ya yi mini nasa bayanin a hankali. Ya ce ruwan sama ne yake tsiyaya ta tsagogin dutse ya yi nisa cikin ƙasa, kuma duk kilomita ɗaya da aka nutsa zafi na ƙaruwa da kamar digiri 25 zuwa 30. Idan ruwan ya ɗumama a can ƙasa, ya samu wata tsaga da ta miƙe zuwa sama, sai ya taso da sauri kafin ya huce. Na sanyin kuwa bai yi nisa ba, daga kan tudu yake gangarowa cikin inuwa. Shi ya sa na ɗumin ba ruwansa da damina ko rani. Na ce masa wannan bayani bai rage mini komai ba, sai ma ƙara mini ganin ikon Allah da ya yi, wanda ya hura murhu a ƙarƙashin dutse ba itace ba hayaƙi.

Shi saurayin ne kuma ya gaya mana yadda aka fara gyara wurin. Wani ɗan mishan na cocin Baptist daga Amurka, John McGee, wanda ke zaune a Igede, shi ya kutsa dajin har idon ruwan a 1952, daga baya ya gina sansanin matasan coci a wurin, kafin gwamnati ta karɓa a shekarun 1970. Ina ji ina tunanin Matsirga da ke kusa da Kafanchan. Ruwan da ke zubowa daga wancan dutsen ya ninka waɗannan ƙoramu ban san iyaka ba, amma mutum nawa ne a cikin garin Kaduna suka taɓa zuwa? Su nan sun kama ɗan abin da Allah ya ba su sun riƙe da kyau, sun bar itatuwan a tsaye, sun koya wa yaransu labarin, har yaro na cin abinci da shi. Wannan ya burge ni, ya kuma ɗan sosa mini rai.

Azahar ta same mu a can. Muka yi alwala da ruwan ɗumin, muka shimfiɗa darduma a gefe. Wasu mata da suka zo da fararen kaya suna addu'o'insu suka matsa mana da kansu, ba wanda ya ce da wani komai. Da yawa suna zuwa ne da jarkoki, don sun yarda ruwan na maganin ciwon gaɓoɓi da wasu cututtuka. Ni dai abin da zan iya shaida shi ne, ƙafafuna da suka kumbura saboda zaman mota sun saki bayan na jiƙa su kamar rabin awa, kuma ruwan ɗumi ko a gida yana yin wannan. Mai ciwo kada ya bar asibiti saboda shi. Na cika jarkar Inna daga idon ruwan, na rungume ta, ɗumin na ratsa rigata.

A cikin gari muka ci abinci wurin wata mata. Sakwara ce aka kirɓa a gabanmu, 'yan mata biyu da taɓare suna karɓa-karɓa, da miyar agushi da ganye. Na ce kifi za a sa mana, ta gane nufina ba sai na yi bayani ba, har ta nuna mini tukunyar kifin daban take. Mutanen Ekiti da sakwara sai Allah, auta ya ce akwai mai cin ta safe da rana da dare. Ban ga laifinsu ba, laushinta da danƙonta ba irin wadda muke saya a Kaduna ba ce. Manjan dai ya yi mini yawa, barkonon kuma sai da ya sa ni neman ruwa. Mu biyu naira 5,000. Da la'asar muka ƙarasa Ipole-Iloro muka ga ruwan Arinta da ke zubowa daga tsauni, muka kwana ɗakin auta, washegari na kamo hanya.

Dawowar ba abin faɗa, sai gajiya. Na shiga gida ranar Lahadi bayan magariba, hunturu na nan yadda na bar shi. Inna na kan darduma. Na durƙusa na gaishe ta, na ajiye goro uku da jarka a gabanta. Ta buɗe murfin ta zuba kaɗan a tafin hannunta.

"Ya huce," in ji ta.

Na ce, "Ya huce, Inna, tun kafin mu fita garin. Amma wallahi da ɗuminsa na ɗebo shi."

Ta ce, "Na sani. Shi ma da ya kawo mini a gora, shekarar da aka haife ka, haka ya iso."

Ta shafa ruwan a gwiwoyinta, ta mayar da murfin ta ɗaure, ta ce in tura mata jarkar ƙarƙashin gado.